Free Frank da garin New Philadelphia: gari ya gina ko fuloti ya sayar?

Tambaya: Wani ɗalibin tarihi ya rubuto yana cewa ya ji labarin wani baƙar fata a Amurka da aka haifa cikin bauta, ya fanshi kansa, har ya kafa gari tun kafin a hana bauta a ƙasar. Yana so ya san ko labarin gaskiya ne. In gaskiya ne, wace rawa mutumin ya taka: shi ya gina garin, ko kuwa dillalin ƙasa ne kawai da aka kambama daga baya? Kuma me ya sa ba a jin sunan garin a yau?

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne, kuma takardunsa suna nan a ofisoshin rajistar ƙasa da kotunan jihohi biyu, Kentucky da Illinois. Sunan mutumin Frank McWorter, amma an fi saninsa da Free Frank. Garin kuwa New Philadelphia, a gundumar Pike da ke yammacin Illinois, wanda ya yi wa rajista a 1836. Zancen dillanci ba zan wanke shi daga gare shi ba, domin fuloti ya yanka ya sayar, kuma kuɗi yake nema ruwa a jallo. Abin dubawa shi ne me yake yi da kuɗin, da kuma abin da ya zame masa dole ya tanada kafin wani ya yarda ya sayi fili a hannun baƙin mutum a wancan zamani. A nan rawarsa take.

An haifi Frank a 1777 a Carolina ta Kudu. Mahaifiyarsa Juda baiwa ce da aka kamo daga Afirka ta Yamma. Zuriyarsa da masu bincike sun fi karkata ga cewa ubangijinta, George McWhorter, shi ne mahaifinsa, amma hakan bai hana shi riƙe yaron a matsayin dukiya ba. A 1795 ya kwashe shi zuwa yankin da daga baya ya zama gundumar Pulaski ta Kentucky, wadda a lokacin daji ce ake sarewa. A 1799 Frank ya auri Lucy, baiwar wani gida da ke maƙwabtaka da su. Aure ne da doka ba ta san da zamansa ba, kuma duk ɗan da ta haifa na ubangijinta ne.

Da farko McWhorter yakan ba da shi haya ga wasu manoma ya karɓe kuɗin. Daga baya ya bar shi ya riƙa neman aikinsa da kansa, yana biyan wani abu da aka yanka masa, abin da ya saura ya riƙe. Wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa ya san wannan tsari, shi ne murgu, kuma da shi bayi da yawa a daular Sakkwato suka tara kuɗin fansar kai. Sai dai a Kentucky doka ba ta yarda bawa yana da dukiya ba. Abin da ya tara, in ubangiji ya ga dama ya ƙwace, babu alƙalin da zai saurare shi. Saboda haka duk shekarun da Frank ya yi yana tari, yana yi ne bisa amanar mutumin da ya mallake shi.

Abin da ya ɗaga shi daga ɗan ƙwadago zuwa ɗan kasuwa shi ne yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila. Albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na haɗin. Kafin yaƙin ana shigo da wannan gishiri daga Indiya ta hannun Ingilishi. Da hanya ta toshe, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, idon kowa ya koma kan kogunan duwatsun Kentucky, inda ƙasar cikinsu ke ɗauke da sinadarin. Aikin ba na raggo ba ne. Mutum zai shiga kogo da fitila ya haƙo ƙasa, ya jido ta a buhu, ya zuba a manyan akwatunan katako ya kwarara ruwa, ruwan ya tsatso ta ƙasa kamar yadda ake tace toka. Sai ya gauraya wannan ruwa da ruwan tokar itace, ya dafa a tukunyar ƙarfe har ya ƙafe, ya bari ya huce, gishirin ya fito fari yana ƙyalli. Jarin da ake bukata kaɗan ne: tukunya, itace, toka da ƙarfin jiki. Manyan kogo irin su Mammoth Cave Turawa ne ke da su, bayi ke musu aikin. Frank ya buɗe nasa ƙaramin wuri, yana noman gonar ubangijinsa da rana, yana dafa gishiri a lokacin da ya rage masa.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka yi nazari, domin shi ke nuna irin kan mutumin. A 1817 ya tara dala 800. Bai fanshi kansa ba, matarsa ya fansa, kuma tana da juna biyu. Mai saurin kawo soyayya zai ce ƙauna ce, kuma ba na musun haka, amma akwai lissafi a ciki. Dokar jihohin bauta, tun daga wadda aka kafa a Virginia a 1662, ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Muddin Lucy baiwa ce, kowace haihuwa sabon bashi ne a wuyan Frank. Da ya fanshe ta, ɗan da ke cikinta, Squire, ya zo duniya a matsayin ɗa, haka ma Commodore da Lucy Ann da suka biyo baya. Ya toshe ɓarakar tukuna kafin ya fara kwashe ruwan. Sai a 1819 ya sake tara wata dala 800 ya biya magadan McWhorter, wanda ya mutu a 1815, ya karɓi takardar kansa. A ƙidayar jama'a ta 1820 an rubuta shi da sunan Free Frank.

Don ka gane nauyin dala 800: daga 1820 gwamnatin tarayya tana sayar da eka ɗaya ta ƙasa a dala 1.25. Kuɗin fansar mutum ɗaya ke nan ya isa sayen eka 640, wato murabba'in mil guda cur. Duk lokacin da Frank ya fanshi ɗa, ya haƙura ne da gonar da za ta mai da shi babban attajiri.

'Ya'ya huɗu da aka haifa kafin fansar Lucy suna hannun mutane: Juda, Sallie, Frank ƙarami da Solomon. Frank ƙarami ya gudu Kanada a 1826. A 1829 uban ya miƙa wurin dafa gishirinsa na garin Danville kacokan a madadin takardar 'yancin yaron, don ya dawo gida ba tare da fargabar mafarautan bayi ba. Daga nan ya sayar da abin da ya mallaka a Kentucky, ya sayi eka 160 a Illinois tun bai taka wurin ba, a yankin da ke tsakanin kogin Illinois da kogin Misisipi wanda gwamnati ta keɓe wa tsofaffin sojojin yaƙin 1812. Yawancin sojojin ba su je ba, takardunsu suka sayar, shi ya sa ƙasar ke yawo a kasuwa da araha. A 1830 ya ɗauki Lucy da 'ya'yansu huɗu masu 'yanci suka kama hanya a keken shanu. Hunturun shekarar ya zo da dusar ƙanƙara irin wadda mutanen Illinois suka daɗe suna ba da labarinta, dole suka yada zango a hanya, sai farkon 1831 suka isa gundumar Pike.

Kada kalmar "jihar 'yanci" ta ruɗe ka. Illinois ba ta son bauta a cikinta, amma ba ta son baƙar fata ma. Dokar 1829 ta ce duk baƙin mutumin da zai zauna a jihar sai ya nuna takardar 'yanci, ya kuma kawo jinginar dala 1,000 cewa ba zai zama kaya a wuyan hukuma ba. Ba ya zaɓe, ba ya ba da shaida a kan Bature a kotu. Ka auna wannan ta fuskar kasuwanci: mutumin da ba zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce wane ya ci mini kuɗi ba, da me zai sayar da fili bashi? Wa zai sayi fuloti a hannun wanda ko sunan mahaifi ba shi da shi a takarda, alhali gobe wani na iya tasowa ya ce cinikin bai inganta ba?

Frank bai iya karatu da rubutu ba, alama yake dangwalawa a madadin sa hannu, amma ya san darajar takarda fiye da masu ilimi da yawa. Tun a Kentucky ya ɗanɗana kotu, lokacin da aka bi shi da Lucy wani bashi daga ɓangaren tsohon ubangijinta, shari'ar ta kai har kotun ɗaukaka ƙara ta jihar. Don haka da ya sayi eka 80 daga gwamnati a 1835 kan dala 100, ya ware eka 42 don gari, bai yi awon igiya ba. Ya ɗauko mai awon ƙasa aka zana taswira: unguwanni 20, fuloti 144, kowanne ƙafa 60 a faɗi da 120 a tsawo, da manyan tituna da lunguna, aka kai ofishin gunduma aka shigar a littafi a watan Satumba na 1836. Sannan ya nemi majalisar dokokin Illinois ta yi doka ta musamman a kansa. A 1837 aka zartar da ita: sunansa ya zama Frank McWorter a hukumance, da ikon saye da sayar da dukiya da kai ƙara da amsa ƙara da wannan suna, kuma 'ya'yansa su gaji sunan. Maƙwabtansa Turawa ne suka sa hannu a takardar shaidar halinsa, kuma a cikinta sun faɗa ƙarara cewa ya yanka garin ne da niyyar fansar iyalinsa da suka rage cikin bauta da kuɗin fulotin. To ka ga manufar ba ɓoyayya ba ce, ba kuma wani marubuci ne ya ƙaga ta daga baya ba.

Yanka gari a 1836 ba abin mamaki ba ne a kansa. Shekarar zazzaɓin cinikin ƙasa ce a duk yammacin Amurka. Kowa da ke da fili a bakin hanya sai ya zana tituna a takarda ya raɗa suna, yana jiran masu zuwa. Da tattalin arziki ya ruguje a 1837, yawancin waɗannan garuruwa sun ƙare a takardar da aka zana su. New Philadelphia bai mutu a lokacin ba, kuma dalilin shi ne wurin da aka zaɓa. Yana kan hanyar kekunan shanu da ke ratsa gundumar tsakanin koguna biyu, wajen mil ashirin daga Misisipi, a tsakiyar ƙasar noma mai kyau. Manomin da ke da nisa da Pittsfield, hedikwatar gunduma, yana bukatar inda za a gyara masa ƙafar keke, a ƙera masa bakin garma, a ɗinka masa takalmi, ya sayi gishiri da sukari ba tare da ya kashe yini a hanya ba. Irin wannan gari ba masana'anta yake bukata ba, masu sana'ar hannu yake bukata, kuma su Frank ya jawo.

Ƙidayar 1850 ta nuna mutum 58 a gidaje 11. A cikinsu akwai masu ɗinkin takalmi, kafinta mai yin kayan ɗaki, mai haɗa ƙafafun keke, ɗan tireda da limamin cocin Baptis. Ƙaramin wuri ne ƙwarai, ban ce maka birni ba ne. Amma dubi wanda ya saya: Turawa da baƙar fata duka, kuma Turawan ne suka fi yawa a kowace ƙidaya. Mutane da dama suna ɗauka garin baƙar fata zalla ne, wannan kuskure ne. Frank ya sayar wa duk mai kuɗi, domin kuɗin fansa ba ya tambayar launin wanda ya biya. Akwai kuma wata riba da ba a gani a littafin ciniki: Baturen da ya sayi fuloti a hannunsa ya zama mai kare ingancin takardar Frank, tunda in ta rushe tasa ma ta rushe. A jihar da ba a karɓar shaidarsa, ya tara wa kansa mutanen da za a karɓi tasu.

Shi kansa bai zauna cikin garin ba. Gidansa yana gonarsa da ke arewa da shi kaɗan, yana noman hatsi da kiwon dabbobi tare da 'ya'yansa, suna kai amfani bakin kogi inda jiragen ruwa ke lodi. Iyalin sun ci gaba da sayen gonaki har suka kai ɗaruruwan eka. Ba hakimi ba ne, ba shi da fada, ba ya yanke wa kowa hukunci. Wasu fulotin an saya an sake sayarwa ba a taɓa kafa ko rumfa a kansu ba, kamar yadda masu cinikin ƙasa ke yi ko'ina. Idan ginin gari a wurinka yana nufin mutum ya ɗora tubali a kowane gida, to bai gina ba. Idan kuwa yana nufin ya zaɓi wuri, ya tsabtace takarda, ya buɗe ƙofa ga wanda wasu garuruwa ke kora, ya zauna a gefe shekara goma sha takwas sunansa na tsaye a matsayin jingina, to ya gina.

Abu ɗaya da ya so bai samu ba shi ne makaranta. Kuɗin makarantun gwamnati a Illinois na 'ya'yan Turawa ne a lokacin, ko da baƙin mutum yana biyan haraji. A ƙarshen shekarun 1840 Frank ya ware fuloti don a gina makarantar da za ta zama coci kuma, ƙarƙashin ɗariƙar Free Will Baptist, wadda aka sani da ƙin bauta, kuma ya so yara na kowane launi su zauna a ciki. Ginin bai tabbata ba a rayuwarsa. Yaran baƙar fata na garin sun yi karatu a wani ɗaki dabam, sai bayan da dokokin jihar suka canza, a shekarun 1870, aka haɗa su aji ɗaya da sauran yara.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da ke damuna a yadda ake ba da labarin yau, musamman a takardun jan hankalin masu yawon buɗe ido: a mai da New Philadelphia wata aljannar zaman lafiya inda launi bai dami kowa ba. Taswira kaɗai ta isa ta ƙaryata haka. Ƙetaren kogin Misisipi jihar Missouri ce, ta bauta, kuma a garinta na Hannibal ana cinikin mutane. Masu satar baƙar fata su sayar a Kudu suna yawo a yankin, ba su damu da takardar 'yanci ba, yaga ta suke yi. A Nuwamba 1837, shekara guda bayan rajistar garin, 'yan iska suka harbe ɗan jarida Elijah Lovejoy a Alton, cikin Illinois ɗin nan, saboda yana rubutu a kan bauta. A 1850 aka yi dokar tarayya mai tilasta wa kowa taimakawa wajen kama bawan da ya gudu. A 1853 Illinois ta hana baƙar fata shigowa jihar su zauna gaba ɗaya. Cikin wannan yanayi ne dattijon ke ɗaura kuɗi a jiki ya koma Kentucky, tafiyar ɗaruruwan mil, ya zauna gaban mai bayi su yi ciniki a kan 'yarsa. Kuma cikin wannan yanayi ne, bisa abin da zuriyarsa da maƙwabta suka riƙe, gidan McWorter ke ɓoye bayin da suka tsallako daga Missouri a kan hanyarsu ta Kanada, hanyar da Frank ƙarami ya riga ya sani da ƙafarsa. Irin wannan aiki ba a rubuta shi a littafi, domin rubutun kansa shaida ce a kotu, amma hujjojin sun gamsar da hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka har ta sa garin cikin jerin zangunan gudun bayi a 2013.

Tseren da yake yi da lokaci ne, kuma lokaci ya fi shi gudu. Bayan hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, ga auduga na bunƙasa a Kudu, farashin bawa ya yi ta hawa, Kentucky ta zama wurin da ake sayen mutane a gangara da su Misisipi. Ya fanshi Solomon a 1835, Sallie a 1843, Juda a 1850. Amma kowace shekara da 'ya mace ta ƙara cikin bauta, jikoki ake haifa masa cikin bauta. Ya rasu a watan Satumba na 1854 yana da shekara 77, bai gama ba. Sai ya bar wasiyya a sayar da abin da ya kamata a sayar a ƙarasa, Solomon kuma ya cika. Jimilla mutum 16 aka fansa, har da shi kansa, a kan kuɗin da ya kai dala 14,000. In ka mai da shi ƙasa a farashin gwamnati, ya haura eka 11,000. Lucy ta rayu har 1870, ta ga ƙarshen bauta a 1865, ta rasu tana da shekara 99. Solomon kuwa ya gaji kan uban: a 1867 ya yi rajistar wata na'ura da ya ƙirƙira ta dafa ruwan takanda ya zama zuma, domin manoman yankin sun rungumi noman takanda bayan da yaƙin basasa ya yanke musu sukarin Kudu.

Za ka ji ana cewa shi ne garin baƙar fata na farko a Amurka. A yi hattara da wannan magana. Tun 1738 akwai Fort Mose a Florida ƙarƙashin mulkin Sifaniya, mazaunin bayin da suka gudo daga Carolina. A Illinois ɗin ma akwai Brooklyn, daura da St. Louis, inda baƙar fata suka zauna tun wajen 1830, sai dai Turawa ne suka yi wa filin taswira. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: New Philadelphia ne gari na farko da aka sani wanda baƙin mutum ya zana, ya kuma yi masa rajista da sunansa bisa doka. Wannan ya isa, ba sai an ƙara gishiri ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Garin ya ci gaba da girma bayan mutuwar Frank, ya kai ƙololuwa a ƙidayar jiha ta 1865 da mutum 160, lokacin da 'yantattun bayi ke tsallakowa daga Missouri. Shekara huɗu bayan haka aka shimfiɗa layin dogo daga Naples a bakin kogin Illinois zuwa daura da Hannibal. Da an ja layin a miƙe, da ya bi ta kusa da garin. Maimakon haka ya yi baka ya lanƙwasa arewa, ya hau tudu wajen garin Baylis, ya sauko ya nufi garin Barry. Tasha ta koma wani wuri, mai sayen hatsi ya bi tasha, maƙeri da ɗan tireda suka bi mai sayen hatsi. A 1885 aka soke rajistar wani babban ɓangare na garin aka mai da shi gona.

An yi muhawara a kan wannan lanƙwasa. Christopher Fennell, masanin tona tarihi a ƙasa na Jami'ar Illinois, ya bi takardun kamfanin ya nuna cewa hanyar da aka zaɓa ta fi tsawo, ta fi tsada, kuma ta hau wuri mai tudu har jirgi mai nauyi na bukatar ƙarin kai ya ja shi, sannan masu faɗa a ji a kamfanin attajiran Hannibal ne, garin da jiya-jiya ake cinikin bayi. A ganinsa wariya ce ta ja layin. Wasu sun ce ba a sami takarda ko ɗaya da ta faɗi haka ba, kuma ɗaruruwan ƙauyukan Turawa zalla sun mutu ta wannan hanya ba tare da kowa ya ƙi su ba. Ni ina ganin hujjar Fennell tana da ƙarfi, amma ko ba a tabbatar da mugun nufi ba, akwai abin da ba ya bukatar takarda: inda layin dogo zai bi ana yanke shi ne a ɗakin masu hannun jari da 'yan majalisa, garuruwa suna zuba kuɗi suna kamun ƙafa don a biyo ta kansu, kuma iyalin da suka zuba dala 14,000 a fansar 'ya'ya ba su da abin zubawa a can, ba su da kujera a ɗakin. Haka ta faru da Nicodemus a Kansas, wanda baƙar fata suka kafa a 1877, layin dogo ya kauce masa a ƙarshen shekarun 1880, 'yan kasuwarsa suka kwashe. Isaiah Montgomery kuwa, da ya tashi kafa Mound Bayou a jihar Misisipi a 1887, a kan layin dogo ya dasa shi, da yarjejeniya da kamfanin jirgin, kuma garin yana nan har yau.

Sunan Frank ya dawo ne ta hannun jininsa. Farfesa Juliet Walker, masaniyar tarihin kasuwancin baƙar fata kuma tattaɓa-kunnen zuriyarsa, ita ta bi takardun kotu da na ƙasa ta fitar da tarihinsa a 1983. Daga 2004 masu tona ƙasa daga jami'o'in Maryland da Illinois da gidan tarihi na jihar suka shiga filin, wanda ya zama gona, suka gano harsashin gidaje da rijiyoyi da ramukan ajiya. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 2009, a Disamba 2022 kuma aka shigar da shi cikin wuraren da gwamnatin tarayya ke kula da su kai tsaye.

Abin da aka tono ya taɓa tambayarka ta wata fuska. Ba a sami unguwar baƙaƙe dabam da ta Turawa ba, gidajen a cakuɗe suke. Fasassun kwanukan tangaram da kwalabe da maɓallai na gidajen biyu kusan iri ɗaya ne, alamar kanti ɗaya suke saye. Inda aka ga bambanci shi ne a ƙasusuwan da aka zubar bayan cin abinci, kuma bambancin ya fi bin inda iyali suka fito fiye da launinsu: waɗanda suka taso daga Kentucky da maƙwabtanta sun fi cin alade da kaji da naman daji, waɗanda suka zo daga jihohin arewa maso gabas sun fi karkata ga naman shanu da tumaki.